Dishi-dishin Hotunan Nicanor

Nicanor Zárate mijin yayata Obdulia ne, kuma tun kafin ya aure ta yake ɗaukar hoton mahaya igiyar ruwa a bakin tekun Zicatela. Shi ba daga kan yashi yake ɗauka ba kamar masu kafa kyamara a inuwa suna shan ruwan kwakwa. Cikin ruwan yake shiga, da takalman ninƙaya da hular kwano, ya je ya tsaya daidai inda igiyar take naɗewa ta zama kogo. Ya ɗaga kyamara da hannu ɗaya, mahayi ya wuce ta gefen kunnensa a kan allo, sannan ya nutse kafin ruwan ya rufto masa.

A Bajos de Chila aka haife shi. Ubansa mai nutso ne, yana ciro kawa, abincin tekun nan mai ɓawo, a jikin duwatsu, saboda haka Nicanor ya iya riƙe numfashi tun bai iya karatu ba. Kyamararsa ta farko wani Ba'amurke ne ya bar masa a madadin ladan kai shi kamun kifi. Zamanin kyamara mai fim ne. Yakan ce a lokacin in fim ya ƙare sai ka iyo har gaɓa ka canza, ka sake kutsawa cikin ruwan da ya gama dukanka, don haka mutum ba ya latsa kyamara sai ya tabbata. Wannan hali bai bar shi ba ko da aka daina fim. Ba ya nuna wa kowa hoton da bai gamsu da shi ba. Ko matarsa ba ta ganin wanda ya lalace, nan take yake gogewa.

Ni Fidencio, sana'ata gyaran jiragen masunta ne. Ni ne kuma na ƙera masa akwatin da kyamarar take shiga don kada ruwa ya taɓa ta, da irin kayan da nake liƙe jirgi. Akwati ne mai mariƙi kamar na bindiga, da zoben roba a bakinsa, da murfin gaba mai kama da ƙoƙo wanda ake gani ta cikinsa. Ƙoƙon dole ne, domin gilashin da Nicanor yake ɗaura wa kyamara shi ne mai faɗin nan da ake kira idon kifi. Yana kwaso komai, kogon ruwan da mahayin da sararin sama, amma sai ka matso kusa da mutum kamar tsawon hannu. Kusancin nan ne ya ba shi tabon da ke girarsa, shi ne kuma ya karya masa ƙashin wuya sau biyu. In an ce masa ya koma gilashi mai jawo nesa ya huta, sai ya ce wannan aikin masu leƙen gidan maƙwabta ne.

Kowace yamma yakan zauna a ƙofar gida ya ciro zoben robar, ya wanke, ya shafa masa mai da ɗan yatsa, ya duba ko akwai ƙwayar yashi ko gashi. Da safe kafin ya shiga ruwa sai ya lashi ƙoƙon tas da harshe, ya bar shi ya bushe, don kada ɗigon ruwa ya maƙale a jiki. Obdulia takan ce akwatin ya fi ta samun kulawa, kuma ba ta taɓa jin ya yi masa gunaguni a kan gishirin miya ba.

Gunagunin ya zo a shekarar da Nicanor ya doshi sittin. Farkon lokacin manyan igiyoyi ne, baƙi sun fara cika gari. Ya shigo rumfar aikina da wando jiƙe, ya dire akwatin a kan jirgin da nake gogewa.

"Suruki, akwatinka yana tururi."

"Akwatina ko naka? Shekara nawa kana yawo da shi?"

"Wanda ya ƙera shi nake nufi. Hazo yake tarawa ta ciki. Duk hotunan yau dishi-dishi, na goge su."

Na buɗe, na duba, ban ga raɓa ba. Na cusa takardar goge hannu a ciki, na rufe, na ɗaura masa dutse na nutsar da shi a tankin ruwa har washegari. Takardar ta fito a bushe ƙayau. Duk da haka na canza zoben, na zuba masa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi. Bayan kwana kaɗan ya dawo.

"Ba tururi ba ne, ƙoƙon ne. Yashi ya kankare shi."

Na goge ƙoƙon har ya koma garau kamar ruwa. Bai yi ba. Muka aika aka kawo sabo daga babban birni. Shi ma bai yi ba, wai in rana ta haska sai komai ya watse ya yi fari fat. Daga nan ya juya kan gilashin kyamarar. Ya ce idon kifin ya tsufa, gishiri ya shiga cikinsa. Gilashin da ya yi shekaru yana fasa kai dominsa, rana ɗaya ya ba wani mai hoto ɗan jihar Colima, ya karɓi matsakaici, irin wanda yake ganin abu kusan yadda idon mutum yake gani. Wannan ba ya aiki da ƙoƙo, sai shimfiɗaɗɗen murfi. Na bar jirgin mutane na zauna na sake wa akwatin gaba. Da wannan ma bai gamsar da shi ba, ya aro mai jawo nesa, dogo mai nauyi, na ƙera masa wani gaban kamar bututu. Ya shiga ruwa da shi ya fito da wuyan hannu a kumbure.

A tsakanin nan abubuwa suka fara faruwa waɗanda muka riƙa yi wa dariya. Wani Bafaranshe ya ɗauke shi aikin safiya guda, Nicanor ya wuni yana bin wani mutum daban mai irin wandonsa. Wata rana igiya ta zo masa ta gefe bai gan ta ba, ta maka shi da ƙasa, masu ceto suka ga hular kwanonsa tana yawo ita kaɗai. Ya fito yana tofar da yashi yana cewa nauyin sabon gilashin ne ya hana shi juyawa. Ya fara mayar wa mutane kuɗinsu yana cewa hoton bai fito ba. Ni kuwa kullum laifin yana dawowa rumfata.

Ranar da muka yi faɗa, cewa ya yi zai sayi akwatin kamfani daga ƙasar waje, wanda injiniyoyi suka yi, ba mai liƙe jirgin kifi ba.

"To saya mana," na ce masa. "In ya zo ka lashe shi da kyau, wataƙila yawunka ne ya lalace."

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki akwatinsa ya fita. Lahadin da ta biyo baya na je cin abinci gidansu kamar yadda muka saba, Obdulia ta dafa kifi da tafarnuwa, shi kuwa ya ɗauki farantinsa ya koma bayan gida. Ta bi shi da kallo, sannan ta ce mini a hankali, "Ya daina tuƙi in rana ta kusa faɗuwa. Wai fitilun motoci sun yi yawa a garin nan." Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Haushinsa nake ji.

Abin ya fito fili a rumfar Doña Chelo, inda mahaya suke karin kumallo in iska ta juya ruwa ya lalace. Na je shan kofi, na tarar da shi a wani teburi da wata 'yar Brazil mai suna Tainá, wadda ta biya shi ya ɗauke ta. Ta samu igiyar da ta zo nema tun daga ƙasarsu, ta shiga kogon ta fito a tsaye, duk bakin tekun an yi mata tafi. Ina jin Nicanor yana ba ta haƙuri.

"'Yata, ki yi haƙuri, bai fito ba. Kayan aikina ne suke ba ni matsala a bana. Zan mayar miki da kuɗinki."

"Don Nica," ta ce, yadda ake kiran manya a garinmu, "ko ya lalace ina so. Bari in gani kawai."

"Ba na nuna wanda ya lalace."

Ya riga ya ciro kyamarar daga akwati, yatsansa yana kan maɓallin gogewa. Yarinyar ta kai hannu ta fizge, abin da babu ɗan garin nan da zai yi masa. Ta duba, ta faɗaɗa hoton da yatsa, ta ƙura masa ido. Sai ta ce, "Me ya lalace a nan?"

Ta juyo tana neman wanda zai taya ta gani, ni ne na fi kusa. Na karɓa. Ga ta a tsugune a cikin kogon ruwa, hannunta ɗaya yana jan bangon igiyar. Ana ganin ɗigon ruwa a gashin idonta. Ana ganin zaren da ya warware a hannun rigarta. Na matsa gaba, na duba na bayansa, da na bayan wannan. Babu ko ɗaya mai hazo. Kyamarar ita take daidaita ganinta da kanta, kuma ta yi aikinta daidai.

Na ɗago na dube shi. Shi ma ni yake kallo, amma ya ɗan karkata kai gefe, yana kanne ido. Na lura cewa ya daɗe yana yi mini wannan kallon, ni ina ɗauka raini ne. Ya miƙe, bai karɓi kyamarar ba, ya bi yashi ya tafi.

Na bar wa yarinyar kyamarar na bi shi, a can ƙarshen gaɓa na same shi, zaune a kan wani jirgi da aka kife. Na zauna kusa da shi.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"In na rufe na hagu, ba na ganin fuskarka. Na daman ya fi lalacewa. Na hagun ma ya fara." Ya murza tafin hannunsa a gwiwa. "Haka na Mama ya fara. Ta ce hayaƙin murhu ne, muka yi ta canza mata itace."

Na san Doña Herlinda. Ciwon suga ne ya cinye mata ido, ta yi shekarunta na ƙarshe a kujera a ƙofar ɗaki, Nicanor yana jan ta zuwa coci da hannu.

"To me ya sa ka yi ta wahalar da ni da akwati?"

"In akwatin ne, ai kana iya gyarawa."

Na ce masa dai ya tashi mu je gida, kyamararsa tana hannun 'yar Brazil, kar ta gudu da ita.

Obdulia ba ta yi kuka ba da muka gaya mata. Ta ce ta sani, jira take ya gaji da ƙarya. Ita ta nemo likitar ido a birnin Oaxaca ta wajen wata ƙawarta, ita ta yanka mana tikitin mota. A hanya Nicanor ya zauna kusa da taga, bai runtsa ba. Duk dutsen da muka wuce, duk gonar agabe, tsiron nan mai kauri da ƙaya, sai ya bi ta da kallo har ta ɓace. Na gane abin da yake yi, na juya kaina ɗaya gefen. A inda aka tsaya cin abinci ya saya mana tlayuda, faffaɗar wainar masara, shi bai ci ba.

Likitar sunanta Itandehui Robles, mace ce ƙarama mai saurin magana. Ta sa aka gwada jininsa, ta ɗiga masa magani, ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura ta daɗe tana haska cikin idon. Mu muna zaune a bayan ɗakin, Obdulia ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Don Nicanor, mene ne aikinka?"

"Hoto nake ɗauka a cikin teku."

"Da tabarau na rana?"

"Wa zai sa tabarau a Zicatela, likita? Igiyar farko za ta raba ka da shi."

"To ga sakamakon nan. Yanar ido ce ta rufe maka gani. Rana da shekaru ne. Suganka lafiya lau, bayan idon ma lafiya lau, ba irin na mahaifiyarka ba ne. Za mu cire gilashin cikin idon da ya dushe mu sa maka sabo. Aikin bai kai tsawon zaman da ka yi a layi ba."

Nicanor bai motsa ba, haɓarsa tana kan na'urar har yanzu. Sai da ta ce masa ya iya ɗagowa. Ya ce, "Wato ba makancewa zan yi ba."

"Ba a wannan karon ba."

Obdulia ce ta fara dariya, irin wadda take zuwa da hawaye, ta kai masa duka a kafaɗa da jakar. "Murfi uku, gilashi uku, ka hana ƙanena aikinsa, ka ci kifi a bayan gida kamar kyanwa." Shi dai yana zaune yana sauke numfashi kamar wanda ya fito daga dogon nutso. Ni ma sai a lokacin na ji yunwa ta kama ni.

Likitar ta jawo kujera ta ce saura zaɓi. Gilashin da za a sa masa iri-iri ne. Akwai mai ganin nesa, amma zai riƙa sa tabarau in zai yi karatu. Akwai mai ganin kusa. Akwai kuma mai haɗa duka biyun.

Nan take mutumin ya dawo cikin hayyacinsa. Ya gyara zama kamar ya shiga kantin kyamara.

"Mai haɗa biyun, yaya yake yi in rana ta bugi ruwa?"

"Wasu suna ganin zobe-zobe a jikin haske."

"Cire shi. Na san irinsu, mai jawowa da mayarwa, ban taɓa yarda da su ba. Mai nesan, daga ina yake fara kamawa?"

"Daga ɗan gaba da tsawon hannunka har iyakar gani."

"Gishiri yana shiga?"

"A cikin idonka zai zauna, Don Nicanor."

"In bai yi mini ba, ana canzawa?"

Na ce, "Likita, ki ce masa a'a tun yanzu. In ba haka ba duk mako zai dawo miki da shi."

Ya zaɓi mai nesa. Ya ce shi abin da yake bukata ya hango igiya tun tana tasowa, ya kuma san wanda ke kanta. Karatu kuwa, dama Obdulia ce mai karanta masa komai.

An fara da idon dama. Washegari da aka cire bandejin, abin da ya fara cewa shi ne rigar likitar fara ce, jiya ya ɗauka ruwan ƙasa ce. A kan titi ya tsaya yana kallon bangon wani gida mai launin shuɗi har mai keke ya kusa bankarsa. Ya dubi Obdulia ya daɗe, ya buɗe baki, ta ce, "In furfura za ka ambata, ka koma gida a ƙasa." Ya rufe bakinsa.

Da muka dawo gida aka hana shi teku na wata guda, bayan an yi na hagun aka sake hana shi wani watan. Ban taɓa ganin mutumin da hutu ya dama kamar shi ba. Kullum yana rumfata da baƙin tabarau, yana nuna mini inda ban goge jirgi da kyau ba, abin da da can ba ya gani. Bai ba ni haƙuri da baki ba. Wata rana dai ya zo da kwalbar giyar mezkal ta garinsu ya ajiye a kan benci, ya ce ya duba akwatin kamfanin nan a waya, mariƙinsa bai yi masa ba. Na ce na ji.

A cikin wannan hutun ne ya shiga rumfar Doña Chelo, inda hotunansa suke rataye a bango, ya tsaya turus. Na 'yan shekarun baya duk shuɗi ne shar, kamar an jiƙa su a ruwan bula. Ashe yanar tana sa ya ga komai rawaya-rawaya, shi kuwa in ya zauna gyaran hoto sai ya yi ta ƙara shuɗi har ya ga ya yi masa daidai.

"Doña Chelo, tun yaushe waɗannan suke haka?"

"Tun da ka kawo su."

"Ba wanda ya ce mini komai?"

"Mu mun ɗauka salonka ne. Baƙi ma shi suke tambaya."

Ya so ya sauke su, ta ce bangonta ne.

Ya nemi ɗan Coliman ya mayar masa da idon kifinsa, mutumin ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Nicanor ya yi kwana biyu yana zaginsa, sannan ya zauna ya duba 'yan hotunan da suka tsira daga gogewa, waɗanda ya ɗauka da matsakaicin gilashin. Ya ga fuskokin mahayan sun fito, ana ganin tsoro da murna a kansu, abin da idon kifi yake mayarwa ɗan ƙarami a tsakiyar ruwa. Da wannan gilashin kuma ba sai ya shiga ƙarƙashin igiyar ba, yana iya tsayawa a kafaɗarta, inda in ta fashe ba a kansa take sauka ba. Ya ce zai gwada shi na shekara ɗaya. Obdulia ta kunna kyandir a coci ba ta gaya masa dalili ba.

Ranar da likita ta sake shi, igiyoyin sun riga sun ragu, baƙi sun watse, 'yan gari ne kawai a ruwa. Na raka shi bakin gaɓa. Ya sa takalman ninƙaya, ya ɗaura akwatin a wuyan hannu, ya tsaya ruwa yana dukan gwiwarsa yana kallon can ciki. Ya fara kiran sunayen waɗanda ke zaune a kan allunansu ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan Chelo da ke can nesa wajen duwatsu. Ni kaina ban iya bambance su ba. Sannan ya juya baya ya shiga.

Yanzu shekara ta uku ke nan yana gwada gilashin na shekara ɗaya. Ya sayi tabaran karatu masu arha ya rarraba, ɗaya a gida, ɗaya a mota, ɗaya rataye a ƙusa a rumfar Doña Chelo, domin ba ya ganin bayan kyamara sai da su. In ya fito daga ruwa yakan zauna a can, ya maƙala su a hanci, ya miƙa wa mahayi kyamarar ya zaɓa da kansa. Wasu in sun ga na bangon sai su ce irin wancan shuɗin suke so. Yakan gaya musu cewa teku ba haka yake ba, ya nuna musu tekun da hannu. In sun nace, ya yi tsaki ya ƙara musu.